Jirgin da Ke Suma a Mashigin Laka

Jiya da hantsi wani manomi ya kawo mana moter, wato injin ban-ruwa, daga Gaffati, ya ce ƙarfinsa ya ragu. Kafin mutumin ya gama sauke shi daga amalanke, ɗaya daga cikinku ya riga ya ɗauko kile, wato sufana, zai kwance pompo, famfon da ke tura mai. Na bari har baƙo ya tafi. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, tunda in na faɗa da baki sai ku riƙa ƙifta ido kuna cewa patoro, maigidanku, ya fara. Ku a ganinku sana'ar nan ba ta wuce a cire tsoho a sa sabo a wanke hannu ba. To ku saurara. Kwancewa dai, ko biri ka ba kile zai kwance. Gane inda ciwon yake, shi ne aikin.

Ni shekara bakwai na yi a hannun Baba Ari, wani Babarbare mai garaji a Zangon Damagaram. Shekarar farko ban taɓa moter ba, sai wanke ƙarafa da gazuwal, man dizal ke nan, cikin rabin tano, wato ganga, har fatar hannuna ta tsattsage. A ta biyu ya miƙo mini dogon turnabis, wato sukudireba, ya ce in ɗora bakinsa a jikin moter yana aiki, in manna ƙotar a kunnena.

"Me ka ji?"

Na ce, "Ƙara, Baba."

Ya ce, "Koma wanke ƙarafa."

Sai ranar da na iya ce masa silinda ta uku ce ba ta ci, sannan ya bar ni na riƙe kile. Karatunsa duka gajere ne. Ya ce moter ɗin gazuwal jaki ne: yana ci, yana numfashi, yana kashi. In ƙarfinsa ya ragu, ɗaya cikin ukun nan ne ya samu matsala, ko kuwa an ɗora masa kayan da suka fi shi. Kashin nasa kuma shi ne hayaki, shi za ka fara dubawa, yadda uwa ke duba na jaririnta. In baƙi ne wuluk, ya ci bai samu iska ba, ko lodi ya yi yawa. In fari ne, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ko man ba ya ƙonewa. In shuɗi-shuɗi ne, baƙin mai yake sha, zobban piston sun gaji. In kuwa ƙarfi ya tafi amma hayaki bai canza ba, yunwa ce, gazuwal ba ya isowa. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Da ruwan sama ya ɗauke, fari ya zo, mu ma ya taka mu, ko da yake ba mu da gona. Arzikin Zango a lokacin gyaɗa ce. Gyaɗa ta ƙi, manyan motoci suka tsaya, aka ɗora su kan duwatsu. Mu shida a garaji ba abin da muke sai korar ƙuda, muna kallon mutanen ƙauye suna shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka. Rannan wani shofer, direban babbar mota da ke kai hatsi gabas, ya ce mini masu jirage a bakin tafkin Cadi suna neman makanisiye ido rufe. Na ce ni ban taɓa ganin jirgin ruwa ba. Baba Ari ya ɗago daga ƙarƙashin mota ya ce, "Piston ɗin cikin ruwa ƙaho gare shi? Tashi ka tafi." Ya zuba mini kile huɗu cikin jakar fata, da pansi, wato filaya, da turnabis ɗin nan dogo. Har yau su ne a akwatina, kun san su, su ne waɗanda nake hana ku taɓawa.

Kwana huɗu muka yi kafin Gigimi, garin bakin tafkin. Na sauka ina dube-duben ruwa, babu. Aka nuna mini inda jirage ke tsayawa da, awaki ne ke kiwo a wurin, ga kwale-kwale a kife kan yashi. Tafkin ya ja da baya. Sai da muka ƙara wuni guda cikin mota a kan busasshen ƙasansa, ɓawon katantanwa na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin taya, kafin muka iso inda tashar ta koma. Rumfunan zana ne kawai, da warin banda, da sauro mai cizo da rana tsaka.

Jirgin farko da aka kawo mini na wani mai kifi ne, hayaki baƙi ƙirin, ba ya gudu. Na naɗe hannun riga zan buɗe moter, sai wani masunci ya ce in dakata. Ya nutse ƙarƙashin jirgin, ya fito da tsohuwar raga da ta nannaɗe farfela kamar rawani. Aka tayar, jirgi ya miƙe. A nan na gane lodin mota a sama yake kana ganinsa, na jirgi kuwa rabinsa a ƙarƙashin ruwa yake. Na biyu zafi yake yi, ashe tiyon da ke jawo ruwan sanyaya shi laka yake sha maimakon ruwa, don tafkin ya yi ƙasa. Na uku gazuwal ne mai ruwa. Na zuba kaɗan a kwalba na aje a inuwa, kafin a gama shayi ruwan ya kwanta a ƙasa, mai jirgin da kansa ya gani. Kai, na ji daɗin aikin nan! Kowace safiya sabon ciwo, ba kayan canji, ba kanti, daga kai sai kunnenka. Bayan zaman kashe wando na Zango, ji na yi kamar an sake ni daga turke.

Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Wata uku ina gyaran jirage, ban taɓa shiga ko ɗaya yana tafiya ba. A gaɓa nake aiki, jirgi na ɗaure a turke. Ni ɗan Damagaram ne, garin da ake sayen ruwa a garwa. Ruwan da ya wuce gwiwata ban yarda da shi ba.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji. Jirgi mafi girma a tashar na Alhaji Bukar ne, mutumin Birnin Zinder, kakanninsa daga Barno suka zo, kuma ya san Baba Ari tun suna samari. Moter ɗin silinda biyu ne, da manibel ake tayar da shi, wato da hannu ake murzawa. Mai tuƙa shi Haru, manomi ne daga Zermu. Damina biyu a jere bai yanke ko dami ba, ya kwaso iyalinsa tare da gidaje kamar goma na ƴan garinsu, suka zauna a wani tsibiri can cikin tafki, suna ɗan kama kifi suna shuka wake inda ruwa ya janye. Shi kuma ya samu tuƙi a wurin Alhaji. Mutum ne mai tsentseni. Ko igiya ya tsinta a ƙasa sai ya naɗe ta ya aje.

To, kifi ya ƙare a wajen tsibirin, hatsinsu ya ƙare, wake bai nuna ba. Alhaji ya samo musu buhunan jar dawa, ya ce a kai, a dawo da mata da yara da tsofaffi. Hanyar kuwa ɗaya ce. Da ka bar tasha kaɗan za ka shiga wani mashigi siriri tsakanin kyauro, tafiyar awa guda. Ruwansa iya ƙugu, ƙasansa laka ce da ba a san iyakarta ba. Jirgi mai kaya jan ciki yake a wurin, dole a bi shi da wuta ɗaya ba tsayawa, don da ka tsaya laka ta riƙe ka. Ruwan kuma kullum raguwa yake. Bulaman tashar, wato mai unguwarta, ya kafa sanda a bakin mashigin ya yi mata tsaga-tsaga, kowace safiya tsaga ɗaya na fitowa fili. Ya ce ranar da ta ƙarshe ta fito, ba jirgi, kuma ba raƙumi ba ƙafa sai laka ta bushe, wata biyu ko fiye. Gazuwal ɗin da ya rage wa Alhaji ma bai wuce na zuwa da dawowa ba sai kaɗan, balle a ce a kai dawar kaɗan-kaɗan.

Haru ya yi lodi ya kama hanya. Ya shiga mashigi ke nan ba da nisa ba, moter ya fara shaƙewa, ƙarfi ya tafi, jirgi ya zauna. Kwana biyu aka yi ana sauke buhuna a kwale-kwale ana jan jirgin da igiya kafin ya dawo tasha. Sannan aka aiko kirana.

Alhaji yana zaune kan buhu, carbi a hannu. Ya gaishe ni da harshen kakanninsa ya ce, "Wushe, ɗan Ari. Ga jirgi, ga dawa, ga ruwa yana gudu. Kwana nawa?"

Na ce, "Alhaji, bari in ji moter tukuna."

"Ji shi da hanzari. Tsaga huɗu suka rage."

Na juya wurin Haru na ce ya faɗa mini yadda abin yake. Ya ce moter yana tashi lafiya, yana ja kamar sa. In an ba shi wuta sosai, kafin rabin awa sai ya suma. In ya kashe shi, ya duba mai, ya ɗan huta, ya sake murzawa, sai ya tashi garau kamar ba shi ba. Amma a mashigi ina amfanin tashin, tunda laka ta riga ta kama?

Na ce, "Hayaki fa? Baƙi ko fari?"

"Yadda yake kullum, Malam Lawali. Ba abin da ya sauya."

Na tafa hannu. Na ce yunwa ce, kuma kafin azahar na gama. Na shiga jirgi. Haru, don ladabi, ya riga ya share mini wuri, ya buɗe tanki ya aje murfin a gefe, ya kawo tsumma. Na leƙa tanki, na tsiyaye gindinsa, na samu ɗan ruwa da datti. Na wanke filtir, na hura tiyo da bakina har na sha gazuwal. Muka tayar da moter a ɗaure, awa guda yana waƙa. Na ce a gwada. Suka zagaya fili ba kaya. Kafin la'asar na hango su suna dawowa suna tura jirgin da gora.

Kashegari na ce iska ce ke shiga ta wata mahaɗa. Na bi tiyo gaɓa-gaɓa da kumfar sabulu. Na cire zobban jan ƙarfe na gasa su a garwashin mai shayi don su yi laushi su kama. Na buɗe ƙaramin pompon da ke jawo mai daga tanki, fatarsa lafiya lau. Aka tayar a ɗaure, lafiya. Aka fita, ya suma.

Rana ta uku na yi abin da ɗayanku ya so yi jiya. Na kafa gidan sauro don kada yashi ya shiga, na shimfiɗa farin ƙyalle, na kwance anjekter biyu masu fesa mai cikin silinda da babban pompo, ɗaya bayan ɗaya. Wuni guda cur. Kun san abin da na samu? Ba komai. Ƙarfe yana ƙyalli kamar ranar da aka ƙera shi. Na farke cikin mai lafiya, na ɗinke, na ci wa mutane kwana guda da gazuwal ɗin gwaji. Aka fita da yamma, ya suma. Mutanen tasha suka fara cewa ruwa ne ya ƙi jirgin, har wani ya kawo laya a ɗaura. Alhaji ya dube ni. Sanda kawai ya nuna mini da haɓa. Tsaga biyu.

Ina zaune a gaɓa ina wanke kile, Haru ya zo ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Malam Lawali, in faɗi magana?"

"Faɗi."

"Kai fa mai lafiya kake ta yi wa magani. Marar lafiyar yana can tsakiyar ruwa, ko sannu ba ka taɓa zuwa ka yi masa ba."

Na ci gaba da wanke kile.

Ya ce, "Tsoron ruwa kake?"

Na ce, "Ina tsoro. Sai me?"

"Ba komai. Ni ma da na zo, kwance nake shiga jirgi, ido a rufe. Amma ƴata Zuwaira tana can, bana aka yaye ta. Ranar da na baro su, tiya biyu ta gero na bar wa uwarta. Yau kwana goma sha ɗaya."

Na tashi na je wurin Alhaji na ce gobe a yi lodi duka, ba sauran gwaji, kuma da ni za a. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In ya zauna a laka da dawar nan fa?" Na ce in ya zauna, ina ciki. Ya kwance agogonsa ya ba ni don in riƙa duba lokaci.

Da rana ta fito aka loda buhuna. Haru ya cika tanki har baki. Ni kuwa na ɗaura bido, wato jarka, babu komai a ƙuguna da igiya, don in na faɗa in taso. Masu gora huɗu da za su raka mu suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna. "Makanisiye, ka ƙara da tulu mana!" Na ce su bari mu dawo, duk wanda moter ɗinsa ya lalace zai gane kurensa. Na runtse ido na taka katako na shiga. Ban kalli ruwa ba ko sau ɗaya. Na tsuguna gindin moter, na ɗora turnabis, na manna kunne.

Muka shiga mashigi. Haru ya ba shi wuta duka. Kyauro na shafar mu dama da hagu, kana jin cikin jirgin yana gogar laka ta ƙarƙashin ƙafarka. Moter kuwa tuf-tuf-tuf, ba abin da ya dame shi. Minti goma. Sha biyar. Na fara cewa ko pompon nan da na kwance ya gyaru da kansa. A wajen minti ashirin sai na ji shi. Kafin kowa ya ji, ni na ji ta cikin turnabis: muryar ta sirance, yana ɗagawa yana sauka kamar mai haki. Na duba hayaki, garau. Yunwa ce, ba shakka, amma daga ina? Na bi hanyar mai da hannu, daga pompo zuwa filtir, daga filtir zuwa baya. Da na kama tiyon roba da ke fitowa daga tanki, sai na ji shi a lanƙwashe, ya manne da kansa kamar hanjin da aka tsotse. Ban gama mamaki ba na ji "ɓam!" a bayana. Na waiwaya. Tankin, wanda na kwano ne ƙirar maƙera, gefensa ya lotsa ciki kamar cikin saniyar fari.

Wallahi ihu na yi. Na ce, "Tanki! Tanki ne ba ya numfashi!"

Na daka tsalle kan buhuna, bido na dukan gwiwata. Murfin, wanda kwana uku ina ganinsa a aje a gefe, yanzu na gan shi a mazauninsa: an nannaɗe shi tam da tsagin robar taya. Na zaro wuƙa.

Haru ya ƙwala daga baya, "Kar ka buɗe moter na aiki! Alhaji ya hana! Wuta za ta tashi!"

"Gazuwal ne, ba esansi mai saurin kama wuta ba! Riƙe tuƙinka!"

Jirgi ya riga ya fara nauyi. Masu gora sun kafa suna turawa suna salati. Na yanke robar, na murɗa murfi, ya ƙi, tankin ya tsotse shi. Na sa pansi na murɗa da hannu biyu. Sai "fyuuuu!", iska ta faɗa ciki kamar mutumin da aka daɗe da shaƙe wa wuya. Tankin ya ce "ɗam", ya koma daidai. Tiyo ya kumbura a hannuna. Moter ya yi tari ɗaya, ya yi na biyu, ya yi wani shiru da na ce shi ke nan. Cikin jirgin ya taɓa laka, muka yi gaba kamar za mu kifa. Sannan ya kama. Tuf. Tuf-tuf. Tuf-tuf-tuf-tuf! Farfela ta watso baƙar laka har kan buhuna, jirgi ya fizge kansa ya miƙe.

Kai! Ranar na ga manyan mutane suna rawa kan buhun dawa. Wanda ya ce in ƙara da tulu shi ya rungume ni har bidon ya lotse. Ni kuma na zauna dirshan, murfi a hannu, na toshe bakin tanki da tsumma sako-sako, ina dariya ni kaɗai. Sai da muka fita mashigi muka shiga fili na tuna ina tsoron ruwa.

Ku gane abin da ya faru. Mai yana fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Shi ya sa kowane murfi yake da ɗan huji kamar na allura. In hujin ya toshe, pompo zai yi ta ja har ya kasa, kamar ka kafa baki a kwalba kana tsotsa. In tanki a cike yake kuma ana ba da wuta, nan da nan abin ke zuwa. A gaɓa kuwa ba zai taɓa nunawa ba, tunda duk gwajin da na yi murfi a buɗe yake, Haru ya buɗe mini. Baba Ari ya koya mini moter yana numfashi. Ni ne ban kai da hankalina cewa tanki ma yana da hanci ba.

Na kankare saman murfin da farce. Ƙarƙashin dattin mai sai ga wani abu mai tauri, ja-ja, ya cike hujin. Na lasa. Ƙaro ne.

Na matsa kusa da Haru na nuna masa. Na ce, "Wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Murfin ai a huje yake. Da jirgi ya yi tangaɗi sai in ga mai yana tsattsafowa, kuma ga rana tana sha. Gazuwal ya yi wuya, na ce ba zan bar na Alhaji yana tafiya a banza ba. Na samo ƙaro na jiƙa na liƙe, na ƙara da roba."

"Yaushe?"

"Ana jibi za mu yi lodin farko."

"To da kake buɗewa duba mai in ya suma, ba ka jin yana huci?"

"Ina ji mana. Har daɗi nake ji, na ce liƙin ya kama. A gida in mun zuba irin gero a tulu, laka muke shafe bakin da ita, ko iska ba ta shiga, ya kai wata damina lafiya. Na ce man nan yanzu ai ya fi iri..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi murfin, ya dubi buhunan, ya dube ni. Na ga yana lissafin kwanaki da leɓe.

Ya ce, "Ke nan ni ne na hana su abinci."

Na ce, "Kai huji ɗaya ka toshe, kuma kai manomi ne. Ni makanisiye, kwana uku na yi ina gyara abin da bai lalace ba don ina tsoron jiƙa wando. In rabo za a yi, nawa ya fi. Dubi gabanka kar ka kai mu cikin kyauro."

Na zare basilla daga bakin wani buhu, na huda ƙaron, na hura, iska ta wuce. Na mayar da murfi. Gyaran ke nan duka. Basilla ɗaya.

Bayan azahar muka hango tsibirin. Sun ji ƙarar moter tun daga nesa, duk sun fito gaɓa. Haru bai daina ƙirga kawuna ba har muka matso, sannan ya sakar mini tuƙi, ni da ban taɓa riƙewa ba, ya faɗa ruwa. Ba wanda ya mutu. Saiwar bado suke tonowa suna dafawa. Zuwaira tana goye, wuyanta ba ya riƙe kanta, gashinta ya yi ja. Uwarta ba ta yi kuka ba, ba ta yi gaisuwa ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Me ya tsare ku?"

Haru ya buɗe baki. Na riga shi daga cikin jirgi. Na ce, "Makanisiye ne ya yi jinkiri, uwar gida. A yi haƙuri."

Ta dube ni da bido a ƙugu, ta ce, "Allah ya shirye ka." Ta juya ta nufi buhuna.

Kashegari da sassafe muka kwaso mata da yara da tsofaffi. Muka wuce mashigi da wuta ɗaya, moter bai ko yi tari ba. A bakinsa na ga sandar bulama, tsaga ta ƙarshe tana leƙowa. Bayanmu ba jirgin da ya sake bi a shekarar. Alhaji ya tambaye ni mene ne ciwon, na ce datti ne a murfi. Ban yi ƙarya ba. Haru ya ci gaba da tuƙi har ruwan sama ya dawo, ya koma gonarsa a Zermu. Da aka yi auren Zuwaira ya aiko mini da goro, kuma shi da bakinsa ya ce in ba ku labarin nan, in dai zai hana wani sake yi.

Yanzu bayana ba ya barina in tsuguna gindin moter kamar da, idona kuma sai da gilashi. Ku ne za ku yi. Moter ɗin Gaffati yana nan inda aka sauke shi, kar wanda ya taɓa masa ko noti ɗaya. Ban san ciwonsa ba, ku ma ba ku sani ba. Gobe wanda ya ɗauko kilen nan jiya, ya san kansa, zai hau amalanke ya bi mai shi har garka, lambunsa. A kafa shi a bakin rijiyarsa, da tiyonsa, da tankinsa, yadda mai shi ke yi kullum, kar a share maka wuri, kar a buɗe maka komai. Ka bar kile a nan. Zan ara maka turnabis ɗina dogo. Ka zauna kusa da shi har ya suma a gabanka.